Cokali Guda na Kindirmo

"Ina kwalbar da ke ƙasan firij?" tsohuwar ta tambaya, tana tsaye cikin kwalaye a sabon gidan da 'yarta ta kama mata a Melbourne.

"Mai tsamin nan? Na zubar, Mama. Sabon gida, sabon komai. Start, in ji mutanen ƙasar nan."

"Me ke nan da Turkanci?"

'Yar ta duba waya ta karanto mata: başlangıç, wato mafari; başlamak, wato a soma; yola çıkmak, wato a kama hanya.

"Ya isa. Duk na yi su, na gaji."

Tsohuwar ta zauna a kan kwali. Irin kindirmon mahaifiyarta ne a kwalbar. Da shi ta baro ƙauyensu a Çorum, can ƙasar Turkawa, tana amarya, kuma tun daga nan kowace tukunyar madara da cokali guda na tsohon take kamawa. Ta binne miji, ta aurar da 'ya'ya, bai taɓa yankewa ba.

"Ai ana sayarwa a kanti, Mama."

"Kanti ne ya haife ki?"

Washegari tsohuwar ta hau bas ta koma tsohuwar unguwarsu, ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyar da suka daɗe ba sa ga maciji. Matar ta dubi kofin da ke hannun tsohuwar ba komai ciki, ta taɓe baki.

"Cokalin kindirmon da na ɗibar miki ranar da kika tare," in ji tsohuwar, "yana da rai?"

"Yana nan, da tsami kamar bakinki. Cire takalmi ki shigo."