Mai Kwalabe

Ranar da ta cika kwana arba'in a takaba, ƙanin mijinta ya tsuguna bayan labule, ya ce masu rabon gado sun ce ta zaɓi ɗaya cikin amfilifaya biyu, na'urorin ƙara sauti, da marigayi ya bari.

"Matar Yaya, ɗauki sabuwar. Tsohuwar nan mai kwalaben lantarki a ciki sai ta yi ɗumi take magana, kuma in kwalba ta mutu, ko a kasuwar Mai'adua ba a samu."

Saura wata uku kafin ta taka ƙofar gida, ba wanda za ta je ta tambaya. Ta miƙo kaset ɗin karatun Malam, mijin nata, na bara, ta ce a gwada.

Sabuwar ta fito da muryar tar, har da wani siririn fito daga ƙirjinsa tsakanin aya da aya. Shekara guda tana kusa da ƙirjin nan, ba ta taɓa jin sa ba.

Aka haɗa tsohuwar. Kwalabe suka yi ja, muryar ta fito da kauri, numfashi sumul.

"Kin ji bambancin ko?"

"Na ji. Tafi da sabuwar. Wannan ba ta san Malam yana ciwo ba."