Ɗorawar Bayan Rijiya

"Baba, ɗan damfara ne," in ji 'yata Ikilima, tana miƙo mini wayar. "Wa zai aiko maka da tikitin jirgi zuwa Faransa haka kawai?"

Mutumin da ya kira mu ta bidiyo duk ya yi furfura, ga wani tafki shuɗi a bayansa. Wai shi ne ƙanena Sama'ilu, wanda ya bar ƙauyenmu shekara talatin da suka wuce. Wai in je garin Annecy in ga 'ya'yansa.

Na ce, "In kai ne, faɗa mini. Ina iyakar gonata da taka?"

Ko tunani bai yi ba. "Haba Yaya! Ɗorawar nan ta bayan rijiya. Daga ita har bakin hanya tawa ce."

Ikilima ta tuntsire da dariya. "Ka gani ko? Tun da aka haife ni babu ɗorawa a gonarmu!"

Gaskiyarta. Da hannuna na sare ta shekarar da ya tafi, na haɗe gonakin biyu.

Na sake dubansa. Idanunsa sak na mahaifinmu.

"Kashe wayar," na ce, ina miƙa wa Ikilima. "Ɗan damfara ne."