Kwaɗon Cikin Kwalba

Da ta ɗaga kwalbar a hasken taga, sai gabanta ya faɗi. Cikin kwaɗon cike yake da ƙwai.

Ƙa'idar aikinsu na binciken halittu ce, ba a raɗa wa sabuwar halitta suna sai an adana gawar guda. Ita ta kamo wannan bara, a rafi ɗaya tilo da irinsa ke rayuwa, ta sa masa sunan mahaifiyarta.

Ta ɗauki waya ta kira abokin aikinta da ke bakin rafin.

"Malam, suna nan?"

"Suna nan, Dakta. Kuka kamar su tsaga kunne."

"Ka ga mace?"

"Duk wanda na ɗaga, namiji ne."

Ta cikin wayar tana jin su, suna ta kiran wadda ke hannunta.