Daddawar Tabawa a Ƙofar Kasuwa

Tun da wani kamfani ya yi rajistar siffar ƙwayoyin da ke ba daddawa ƙamshinta, miya ta daina ƙamshi a garin. Tabawa ta iso ƙofar kasuwa da kwandonta, sai na'urar mai gadi ta yi ja.

"Iya, siffar nan mallakar kamfani ce. Ajiye kwandon."

"Kalwata ce, ɗan nan. Ni na dafa ta."

"Doka ce, Iya. Kowa ya haƙura."

Ta dubi masu layi, duk sun sunkuyar da kai. Ta sauke kwandon, ta shiga marmasa daddawar tana watsawa sama. Na'urar ta yi ta kuka a kan kowa.

"To, ga ta nan a hancin kowa. Ƙwace."