Hoto a Lambun Suzhou

Tun daga Shanghai Dongsheng ke dafe da zoben neman aure a aljihu, yana jiran su iso tsohon lambun nan na Suzhou. A kan 'yar gadar dutse, inda jajayen kifaye ke kai-komo ƙarƙashin ganyen bado, ya ciro shi ya miƙa wa budurwarsa.

Ruolan ta dubi zoben, ta kau da kai.

"Mayar da shi, Dongsheng. Jibi zan koma Lanzhou. Ɓarin jikin Baba ya shanye, kuma ka san ni kaɗai suka haifa."

"Sai in bi ki."

"Wa za ka bar wa mahaifiyarka? Ita ma kai kaɗai gare ta."

Ya dubi zoben da ke hannunsa, ya san gaskiya ta faɗa.

Wata tsohuwa cikin 'yan yawon buɗe ido ta hango zoben, ta taho tana washe baki. "Kawo wayarka, ɗana, in ɗauke ku. Matso mana, amarya, kunyar me kike ji?"

Ruolan ta matso, ta kwantar da kanta a kafaɗarsa. 

"To, ku yi murmushi," in ji tsohuwar.

Suka yi.