Sunan Ɗan Fari

Tun da jami'o'in duniya suka haɗe iliminsu a rumbu guda, doka ta zama ɗaya: duk binciken da ya shekara ba a neme shi ba, sai a goge shi. Yau wa'adin binciken marigayi ɗanta a kan ƙwarin gero zai cika, shi ya sa Inna Tabawa ta zo ɗakin karatu na jami'a.

"Inna, ki faɗa wa na'urar nan sunan marubucin," in ji ma'aikacin. "Mu ma'aikata ba a karɓar muryarmu."

"Mai sunan Malam," ta ce.

"Babu wannan marubuci," in ji na'urar.

Ɗan farinta ne. Saboda kunya, bakinta bai taɓa furta sunansa ba har aka kai shi makwancinsa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce a hankali, "Ɗalhatu."

"Babu wannan marubuci."

Ma'aikacin ya sunkuyar da kai. "Ki yi haƙuri, Inna. A can ƙasashen waje Dalhatu suke kiransa, ba Ɗalhatu ba. Haka za ki faɗa."

Ta daɗe tana kallon allon na'urar.

"Ba shi na haifa ba," ta ce, sannan ta nemi takalmanta.