Takalmin Gudu a Gidan Darakta

Ramlatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta kafin ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan Daraktan wasanni a Nassarawa GRA.

Kowa a kwalejin ya san tsarin. Yarinyar da za a sa a jerin masu zuwa gasa, gida take zuwa ita kaɗai ta karɓi takalmin gudu. Shekara biyu Ramlatu tana ƙin zuwa, shekara biyu ana cire sunanta, alhali babu mai kamo ta a mita ɗari huɗu. Bana ce shekararta ta ƙarshe. Ita da ke yi wa masu sabon takalmi kallon banza, yau ga ta nan.

Ƙaramar ƙofa ta buɗe. Maigadin bai ɗaga kai ba.

"Ki bi ta baya, yana falon sama," ya ce, kamar wanda ya haddace.

Ta gane muryar nan take. Ta san mahaifinta gadi yake yi a GRA, amma ba ta taɓa tambayar gidan wa ba.

"Baba?"

Ya ɗago. Carbinsa ya faɗi ƙasa.

"Uwata," ya ce a hankali, "shekara bakwai ina buɗe wa 'ya'yan mutane ƙofar nan, ina cewa babu ruwana."

Ya fito ya ja ƙofar, ya bar makullin a jiki.

"Mu je inda ake kai ƙara. Duk na san fuskokinsu."